Yadda Barcelona ta cinye kuɗin gobenta

Ranar 16 ga Agustan 2021, mako guda bayan Lionel Messi ya yi bankwana da Barcelona cikin hawaye, shugaban ƙungiyar Joan Laporta ya zauna gaban 'yan jarida ya zayyana abin da ya tarar a asusu. Bashin da ake bin ƙungiyar ya kai yuro biliyan 1.35. Asarar kaka ɗaya tak, ta 2020/21, yuro miliyan 481. Abin da ake kashewa kan 'yan wasa ya kai kashi 103 cikin 100 na kuɗin shiga, wato ko an juye duk abin da ya shigo an miƙa musu, ba zai ishe su ba, balle a biya masu gyaran ciyawa ko kuɗin wuta. Ya ce da suka karɓi mulki a watan Maris, sai da suka ranto miliyan 80 kafin a iya biyan albashi.

Shekara biyu kafin wannan rana, babu ƙungiyar ƙwallon ƙafa a duniya da ta kai Barcelona samun kuɗi. A lissafin kamfanin Deloitte na kakar 2018/19 ita ce ta ɗaya, da yuro miliyan 840.8, ta bar Real Madrid da Manchester United a baya. Shi ya sa in ana musu a gidajen kallon ƙwallo, da yawa daga magoya bayanta kan ɗora laifin duka a kan annobar korona. Korona ta yi ɓarna, babu shakka. Amma ta rufe filayen kowa, kuma ba kowa ne ya rasa gwarzon ɗan wasansa saboda ita ba. Abin da ta yi wa Barcelona shi ne tona asirin da aka daɗe ana rufewa.

Kafin a gane yadda aka kai nan, sai an san wa ke da ƙungiyar. Babu wani attajiri guda da ya mallake ta kamar yadda 'yan Qatar suka mallaki PSG. Ta mambobinta ce, mutum sama da 140,000 masu biyan kuɗin shekara, su ne kuma ke zaɓen shugaba. A 1990 Sifaniya ta yi dokar da ta tilasta wa ƙungiyoyin da bashi ya yi wa katutu su koma kamfanoni masu hannun jari, aka bar huɗu kaɗai a hannun mambobi saboda asusunsu na da lafiya a lokacin: Barcelona, Real Madrid, Athletic Bilbao da Osasuna. Tsari ne mai kyau, kuma ina son a ci gaba da shi. Sai dai in rami ya buɗe, babu mai sa hannu a aljihu ya cike. Shugaban da ya ci bashi yau kuwa, galibi ba shi zai biya ba. Wa'adinsa 'yan shekaru ne, masu zaɓensa kofi suke son gani, kuma ba su cika tambayar ina aka samo kuɗin ba muddin ana ci.

A Agustan 2017 PSG ta ajiye yuro miliyan 222, adadin da aka rubuta a kwantiragin Neymar cewa duk wanda ya biya zai iya ɗaukarsa. An sa wannan adadi ne da tunanin babu mai iya biya. Shugaban lokacin, Josep Maria Bartomeu, ya wayi gari da kuɗi jibge a hannu, magoya baya cikin fushi, kasuwar 'yan wasa kuma saura makonni ta rufe. Duk wanda ya san ciniki ya san babu yanayin shiga kasuwa mafi muni kamar wannan, domin kowa ya ga abin da ke aljihunka, kowa ya san kana cikin matsi.

Borussia Dortmund ta sayar musu da Ousmane Dembélé, yaro ɗan shekara 20 da ta saya kimanin miliyan 15 shekara guda kafin nan, a kan miliyan 105 ban da ƙarin da zai biyo baya. A Janairun 2018 Liverpool ta karɓi miliyan 120 kan Philippe Coutinho, da alkawarin ƙarin da zai iya kai 40. A Yulin 2019 aka biya miliyan 120 don Antoine Griezmann daga Atlético Madrid, kuma a wannan karon kuɗin Neymar ya daɗe da ƙarewa, sai da aka haɗa da rance. Mutum uku, miliyan 345 kafin a sa ƙari. Daga baya Coutinho ya tafi Aston Villa a kan miliyan 20, Griezmann ya koma Atlético a kan kusan haka, Dembélé ya tafi PSG a kan miliyan 50. Dembélé ɗan wasa ne na gaske, ya nuna hakan a Faransa, amma a Barcelona ya daɗe yana jinya. Babu ɗaya daga cikin ukun da ya ɗaga Kofin Zakarun Turai da rigar ƙungiyar.

Kuɗin saye shi ne abin da jaridu ke bugawa, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Albashi ne ya karya ƙungiyar. Kuɗin saye sau ɗaya ake amincewa da shi, albashi kuwa kowane wata yana nan, ko ɗan wasa na buga wasa ko yana kwance, ko an ci ko an sha kashi. A Janairun 2021 jaridar El Mundo ta fallasa kwantiragin da Messi ya sa wa hannu a 2017: har yuro miliyan 555 cikin shekara huɗu, kafin a cire haraji, in an cika dukkan sharuɗɗa. Ni ba na ganin laifin Messi a nan. Mutumin da ya ci wa ƙungiya ƙwallo 672, wanda saboda shi 'yan yawon buɗe ido ke cika filin Camp Nou, kamfanoni ke rububin talla, yana mayar da abin da aka ba shi. Matsalar ita ce albashinsa ya zama ma'aunin da kowa ke auna nasa. Wakilan sauran 'yan wasa suka riƙa zuwa suna neman ƙari, Bartomeu kuma ba ya iya cewa a'a. Aka ba Samuel Umtiti shekara biyar a 2018 gwiwarsa na ciwo, aka ba Jordi Alba shekara biyar a 2019 yana dab da shekara 30. Ɗan wasan da ake biya fiye da abin da kowace ƙungiya za ta iya ba shi ba ya sayuwa, domin shi kansa ba zai yarda ya tafi ba.

Akwai wani ciniki da ya fi kowanne nuna halin da ake ciki, kuma ya kamata a tsaya a kansa. A ƙarshen Yunin 2020, kwanaki kafin a rufe littafin shekara, Barcelona ta sayar wa Juventus da Arthur Melo a kan miliyan 72, ta sayi Miralem Pjanić daga Juventus a kan miliyan 60. Arthur na da shekara 23, Pjanić 30. Kuɗin da ya canza hannu a zahiri bai wuce bambancin da ke tsakani ba. To me ya sa aka rubuta waɗannan manyan lambobi? Saboda yadda ake lissafi a ƙwallo. In ka sayi ɗan wasa, ana raba kuɗinsa kan shekarun kwantiraginsa, miliyan 60 cikin shekara huɗu ya zama 15 kowace shekara. In ka sayar kuwa, ribar gaba ɗaya ake rubutawa nan take. Da wannan musaya ƙungiyoyin biyu suka rubuta ribar miliyoyi a takarda a wannan shekarar, suka tura nauyin zuwa shekaru masu zuwa. An yi irin haka a 2019 da Valencia, aka yi musayar masu tsaron raga Jasper Cillessen da Neto. Pjanić bai tsinana komai a Barcelona ba, aka ba da shi aro Beşiktaş, daga can ya wuce Sharjah. Ba koci ne ya buƙace shi ba, littafin asusu ne ya buƙace shi.

Sai korona ta zo a Maris ɗin 2020. Aka rufe Camp Nou mai ɗaukar mutum sama da 99,000, aka rufe gidan tarihin ƙungiyar da shagunanta, waɗanda Barcelona ta dogara da su fiye da yawancin takwarorinta. Kuɗin shiga ya faɗi, albashi kuwa bai sauka daidai da shi ba. Ranar 14 ga Agusta a Lisbon, Bayern Munich ta lallasa su da ci 8 da 2. Saura minti 15 a tashi aka sako Coutinho, wanda Barcelona ta ba Bayern aro don rage nauyin albashinsa alhali ba ta gama biyan kuɗin sayensa ba. Ya ba Robert Lewandowski ya ci ta shida, ya ci ta bakwai da ta takwas da kansa, bai yi murna ba. Bayan kwana goma sha ɗaya Messi ya aika takarda yana neman tafiya. Mambobi sama da 20,000 suka sa hannu a tsige shugaba, Bartomeu ya yi murabus ranar 27 ga Oktoba. Mako guda kafin ya tafi, ya tsawaita kwantiragin Piqué, Ter Stegen, De Jong da Lenglet, aka rage musu albashin lokacin da sharaɗin a biya su daga baya. Wannan ma bashi ne, ko da ba banki aka je ba. Lissafin da ya fito a farkon 2021 ya nuna miliyan 730 daga cikin bashin ƙungiyar na gajeren wa'adi ne.

A Sifaniya hukumar La Liga, ƙarƙashin Javier Tebas, tana yanke wa kowace ƙungiya iyakar abin da za ta kashe kan 'yan wasa tun kafin a fara kaka, bisa kuɗin shigarta da asararta. Wanda ya wuce iyaka, ba za a yi wa sabon ɗan wasansa rajista ba sai ya rage wani nauyi, kuma kaso kaɗan na abin da ya rage za a bar shi ya kashe. Iyakar Barcelona ta kasance miliyan 671 a 2019/20. A Satumbar 2021 ta dawo 97. A Maris ɗin 2022 ta koma ƙasa da sifili da miliyan 144. Wannan doka ce ta fitar da Messi. Kwantiraginsa ya ƙare, ya yarda a rage masa rabin albashi, duk da haka lissafi bai shiga ba. Laporta ya ce da Messi kuɗin 'yan wasa kashi 110 ne na kuɗin shiga, babu shi kashi 95. Yaron da ya zo yana ɗan shekara 13 ya tafi PSG ko sisi ba a biya ba. A makon da ya biyo baya sai da Piqué ya yafe wani kaso na albashinsa kafin a yi wa Memphis Depay da Eric García rajista.

Laporta ya fara da abin da ya dace. Ya karɓi rancen miliyan 595 ta hannun bankin Goldman Sachs a kan ruwa mai sauƙi, ya mayar da bashin gaggawa na dogon lokaci. Ya ƙi shiga yarjejeniyar da La Liga ta ƙulla da kamfanin CVC, yana cewa ba zai jinginar da kuɗin talabijin na ƙungiya har shekara 50 ba.

A bazarar 2022 kuma ya ɗauki hanyar da har yau ake gardama a kanta. Ya sayar wa kamfanin zuba jari na Amurka, Sixth Street, kashi 10 na kuɗin da ƙungiyar ke samu daga nuna wasannin La Liga a talabijin, na tsawon shekara 25, a kan miliyan 207.5. Bayan makonni uku ya ƙara musu kashi 15, jimillar abin da suka biya ta kai kimanin miliyan 517. A Agusta ya sayar da kashi 24.5 na Barça Studios, sashen ƙungiyar na bidiyo da harkokin intanet, ga Socios.com a kan miliyan 100, ya sake sayar da wani 24.5 ga Orpheus Media a kan wani miliyan 100. Da wannan aka kawo Lewandowski, Raphinha da Jules Koundé, kuɗin sayensu sama da miliyan 150, ga kuma Christensen da Kessié da suka zo kyauta amma da albashi. Duk da haka Koundé bai buga wasanni biyun farko ba, sai da Laporta da ma'ajinsa suka tsaya da dukiyarsu kafin a yi masa rajista.

A duba lissafin Sixth Street da kyau. Barcelona na samun kimanin miliyan 160 a shekara daga talabijin na La Liga. Kwata na wannan kusan miliyan 40 ne. Cikin shekara 25, ko farashi bai tashi ba, abin da za a miƙa ya kusa biliyan ɗaya, a madadin 517 da aka karɓa. Kamar manomi ne da ya yarda duk kaka a ɗebi buhu ɗaya cikin huɗu na abin da ya noma har shekara 25, don ya samu kuɗi a hannu bana. In rijiya ya haƙa da kuɗin ko ya ƙara gona, wataƙila ya fita. In hidima ya yi da su, 'ya'yansa za su gaji gonar da kwatanta na wani ne. A takarda ba a kira wannan ciniki bashi ba, an rubuta shi a matsayin sayar da kadara, amma aikin bashi yake yi.

Adalci shi ne a faɗi hujjar Laporta. Yana ganin Barcelona ba za ta iya zama shekara biyar ba ta cin kofi ba, domin masu talla za su gudu, kuɗin shiga ya ƙara faɗi, ramin ya ƙara zurfi. Dole a sa kuɗi a fili don fili ya dawo da kuɗi. Kuma abin ya ɗan yi aiki. An ci La Liga a 2022/23 ƙarƙashin koci Xavi. Raphinha da Lewandowski da Koundé sun biya kuɗinsu da wasa. Spotify ta sa sunanta a riga da filin wasa, Nike ta sabunta yarjejeniya har 2038. Amma a waccan kakar da aka kashe kuɗin, an fitar da su tun a rukuni a Gasar Zakarun Turai, karo na biyu a jere, alhali kasafin ya ɗauka za a kai zagayen kwata fainal. Caca ce aka yi da kuɗin mutanen da ba a haifa ba tukuna, kuma shigowar rabin cacar bai mayar da ita dabara ba.

Cinikin Barça Studios kuwa ya zama alaƙaƙai. Masu saye sun biya kaso kaɗan, sauran ya maƙale. Aka kawo wani kamfanin Jamus mai suna Libero a 2023 da alkawarin miliyan 40, bai biya ba. Shirin kai sashen kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Amurka ya rushe. A lissafin 2023/24 dole ƙungiyar ta rubuta asarar miliyan 141 a kan wannan sashe, shekarar ta ƙare da giɓin miliyan 91. An riga an sayi 'yan wasa bisa kuɗin da bai taɓa shigowa ba.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba kowane bashi ne abin zargi ba. A Afrilun 2023 Barcelona ta haɗa rancen biliyan 1.45 daga masu zuba jari kusan 20, ta hannun Goldman Sachs da JP Morgan, don sake gina Camp Nou ya ɗauki mutum 105,000. Wannan na fahimce shi. Filin ya tsufa, kuma sabon zai kawo kuɗi na shekaru masu yawa. Real Madrid ma ta ranci sama da biliyan ɗaya ta gyara Bernabéu, ta kuma sayar wa Sixth Street ɗin nan wani kaso na kasuwancin filin, sannan ta zama ƙungiya ta farko da kuɗin shigarta ya haura biliyan ɗaya a 2023/24. Bambancin shi ne Madrid ta shiga aikin albashinta na cikin iko. Barcelona ta ɗora sabon kaya a kan tsohon da ba ta sauke ba. Aikin da mambobi suka amince da shi a 2014 a kan miliyan 600 ya ninka fiye da biyu. Kamfanin Limak na Turkiyya ya karɓi ginin, aka koma filin Montjuïc da girmansa kusan rabin Camp Nou ne, aka yi alkawarin dawowa a Nuwambar 2024. Ba a dawo ba sai Nuwambar 2025, shi ma da wani ɓangare na kujeru kawai.

Labarin Dani Olmo ya nuna yadda rayuwa take a irin wannan hali. An saye shi daga Leipzig a Agustan 2024 babu gurbin yi masa rajista. Ya zauna a waje wasa biyu, sai raunin Christensen ya buɗe ƙofa ta wucin gadi, ya shigo a wasan Rayo Vallecano ya ci ƙwallon nasara. Rajistar ta ƙare ranar 31 ga Disamba. Cikin gaggawa ƙungiyar ta sayar da kujerun alfarma 475 na filin da ba a gama ginawa ba, na shekara 30, a kan miliyan 100. La Liga ta ce takardu sun makara, ta cire sunansa da na Pau Víctor. Sai da hukumar wasanni ta gwamnatin Sifaniya ta sa baki ranar 8 ga Janairun 2025 kafin su dawo fili. Ɗan wasan da ya ci Kofin Turai da ƙasarsa watanni kaɗan kafin nan ya kwana bai san ko zai buga wasa ba. Sauran 'yan wasa sun gani. A bazarar 2025 Nico Williams ya nemi tabbacin za a yi masa rajista, bai samu yadda yake so ba, ya sabunta zamansa a Athletic Bilbao har 2035. A watan Yulin 2025 kuma hukumar ƙwallon Turai UEFA ta ci tarar ƙungiyar miliyan 15 kan saɓa ƙa'idojin kuɗi.

Abin da ya fi taɓa ni a duk wannan shi ne inda ceton ya fito. Tawagar da koci Hansi Flick ya ci La Liga, Copa del Rey da Super Cup da ita a 2024/25 ta tsaya ne a kan Lamine Yamal, Pau Cubarsí, Gavi, Balde, Fermín López da Marc Casadó, yaran makarantar La Masia da ba a biya kuɗin saye a kansu ba, da Pedri da aka ɗauko daga Las Palmas a kan miliyan 5 na farko. Makarantar tana nan a 2017 lokacin da ake watsa kuɗin Neymar. A shekarun nan ne yaranta suka riƙa tafiya wasu ƙasashe saboda ba su ga hanyar shiga babbar tawaga ba. Olmo kansa ɗan La Masia ne da ya tafi Dinamo Zagreb yana ɗan shekara 16, aka dawo aka saye shi sama da miliyan 50. Rashin kuɗi ne ya tilasta wa ƙungiyar ta waiwayi abin da ke gidanta, kuma ina tsoron ranar da kuɗi ya dawo a sake mantawa da su, domin tsarin da ya haifi Bartomeu bai canza ba, har yanzu mai neman kujera sunan babban ɗan wasa yake ɗagawa a yaƙin zaɓe.

Yaran nan kuma ba za su daɗe da araha ba. Yamal ya riga ya sa hannu a sabon kwantiragi har 2031, sauran ma albashinsu na hawa. Daga kuɗin da sabon filin zai kawo za a riƙa biyan masu rancen gini, rancen Goldman Sachs na 2021 yana nan, kujerun alfarma 475 an riga an sayar da su na shekara 30. Sixth Street kuwa za ta ci gaba da ɗaukar kwatanta na kuɗin talabijin kowace kaka har 2047, shekarar da Lamine Yamal zai cika 40.